Kafin Ka Sayi Injin Huda Mai Batir: Yadda Ake Zaɓen Dangin Batirin Da Za Ka Daɗe Da Shi

Wanda zai fara sayen kayan aiki masu batir yakan zuba ido ne a kan injin: ƙarfinsa, launinsa, yadda yake zama a hannu. Batir da caja kuwa sai ya ɗauke su 'yan rakiya. A gaskiya su ne manyan baƙin. Injin huda na kowane babban kamfani a yau zai huda katako, ya ɗaura sukuru, ba zai ba ka kunya ba. Abin da zai bi ka shekara da shekaru shi ne ɗan bakin nan da ke gindin injin, inda batir yake zamewa ya shiga ya kulle. Kusan kowane kamfani ya ƙera nasa bakin daban, kuma da gangan ya yi hakan. Batirin Makita ba ya shiga DeWalt, na DeWalt ba ya shiga Milwaukee, alhali in ka buɗe cikinsu kusan ƙwayoyi iri ɗaya za ka tarar. Daga ranar da ka mallaki batura biyu da caja, inji na biyu da na uku tsurarsu za ka riƙa sayowa, ba batir, domin sun fi sauƙi a haka. Kafin ka ankara ka tara injuna shida a dangi ɗaya, sauya sheƙa kuma ya zama sayen komai daga farko.

Shawarar da ake yankewa a ranar farko ta fi ƙarfin injin huda guda ɗaya. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi ta.

Mataki na ɗaya: fara daga injin da zai fi wahalar da batir

Ɗauki takarda ka rubuta duk injin da kake tsammanin za ka buƙata nan da shekara uku zuwa biyar, ba na aikin wannan makon kaɗai ba. Sannan ka ja layi a ƙarƙashin guda biyu: wanda ya fi kowanne shan wuta, da wanda ya fi kowanne wuyar samu.

Masu shan wuta sanannu ne: giranda, zarto mai faifai, injin fasa kankare, injin sare itace, injin yankan ciyawa, injin zuƙar ƙura. Masu wuyar samu kuwa su ne na sana'a ta musamman, waɗanda ba kowane kamfani yake ƙerawa ba, kamar injin matse bututu na mai aikin famfo, injin matse kan waya mai kauri na mai aikin lantarki, bindigar ƙusa ta kafinta, zarton da ke bin dogo, da bindigar giris ta bakanike. Waɗannan biyun da ka ja wa layi su ne za su zaɓar maka dangi. Injin huda da na ɗaura sukuru ba sa cikin lissafi, domin babu dangin da ya rasa su.

Bakanike da ya duba jerin kayan Milwaukee zai ga sun ba sana'arsa muhimmanci sosai, musamman ƙananan injunan kwance noti masu shiga lungun mota. Kafinta zai tarar Makita da DeWalt da Festool sun cika masa teburi. Mai aikin kankare da gini zai fi tsayawa a kan Bosch da Hilti. Idan kuma takardarka ba ta wuce rataye labule, haɗa kujeru da gyaran ƙofar da ta saki ba, kada ka wahalar da aljihunka da kayan masu sana'a. Dangogin da aka yi domin aikin gida, irin su Ryobi da Einhell da koren Bosch (kayan Bosch masu launin kore), sun ishe ka har da saura.

Mataki na biyu: koyi karanta abin da ke jikin batir

Nan ne aka fi ruɗa mai saye, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Mu fara da volt. Za ka ga wani kwali an rubuta 18V, wani an rubuta 20V MAX, sai ka ɗauka na biyun ya fi ƙarfi. Abu ɗaya ne. A cikin batirin akwai ƙwayoyin litiyom guda biyar da aka jera kai da wutsiya. Kowace ƙwaya tana ba da kimanin volt 3.6 yayin aiki, biyar ɗin suka haɗa 18. Idan aka cire batirin daga caja yanzu-yanzu, kafin ya fara aiki, kowace ƙwaya takan kai volt 4 ko ɗan sama da haka, sai a samu 20. Wani kamfani ya zaɓi lissafin farko, wani ya zaɓi na biyu. DeWalt ma da kansa yana sayar da dangi ɗaya da sunan 20V MAX a Amurka, a Turai kuma yana kiransa 18V XR. Haka abin yake a sauran azuzuwan: 12V ƙwaya uku ne masu ba da 10.8, 40V ƙwaya goma ne masu ba da 36, 60V kuwa ƙwaya goma sha biyar ne masu ba da 54.

Sai lambar Ah, wadda ake bugawa da manyan baƙaƙe a gefen batir: 2.0, 4.0, 5.0, 8.0. Tana nuna yawan wutar da batir ya ɗauka, amma tana da amfani ne kawai in kana kwatanta batura masu volt ɗaya. Da zarar volt ya bambanta, sai ta yaudare ka. Juya batirin ka dubi ƙaramar takardar da ke manne a ƙasansa, za ka ga wata lamba da Wh a gabanta. Ita ce girman tankin man batirin, kuma ita kaɗai ce take ba ka damar auna kowane batir da kowane. In ba a rubuta ba, ninka volt na ainihi da Ah. Batir 18V mai 5.0Ah yana da 90Wh. Batir 40V mai 2.5Ah, wato 36 sau 2.5, shi ma 90Wh ne. Wuta ɗaya ce a cikinsu, an dai tsara ta daban.

Da wannan lambar za ka iya ƙiyasta tsawon aiki tun kafin ka biya kuɗi. A ce giranda tana jan wat 600 yayin da take cin ƙarfe. Raba 90 da 600, za ka samu kashi 15 cikin 100 na awa, wato minti 9 na yanka ba tsayawa. Fitilar aiki mai jan wat 10 kuwa za ta kwana awa 9 a kan batirin nan ɗaya. Wanda ya yi wannan ɗan lissafin ba zai yi mamakin yadda giranda take cinye batir ba, kuma zai san tun farko cewa mai walda da ke yanka daga safe zuwa yamma ya fi dacewa ya riƙe girandarsa mai waya, ya bar ta batir domin hawa sama da aikin da babu soket a kusa.

Akwai wani abu kuma da ba a rubutawa a kwali. Babban batir ba daɗewa kawai yake yi ba, yana ƙara wa injin ƙarfi. Batir mai 2.0Ah yawanci layi ɗaya ne na ƙwaya biyar. Mai 4.0 ko 5.0Ah yawanci layi biyu ne gefe da gefe, ƙwaya goma, suna raba nauyin aikin a tsakaninsu. Sa ƙaramin a zarto ka tura shi cikin katako mai kauri: za ka ji kukan injin ya sauka, faifan ya fara jan ƙafa, can sai ya tsaya cak, fitilar batirin tana ƙyaftawa alhali bai ƙare ba. Taɓa shi za ka ji ya yi zafi. Allon lantarkin da ke tsaron batirin ne ya yanke wuta domin ƙwayoyin sun kai iyakarsu. Cire shi ka sa mai layi biyu, zarton nan ɗaya zai ratsa katakon ba gardama.

Girman ƙwayar ma yana da tasiri. Tsohuwar ƙwaya da aka fi sani ita ce 18650, mai faɗin milimita 18 da tsawon 65. Sababbin manyan batura da yawa sun koma 21700, mai faɗin 21 da tsawon 70, wadda ta fi ɗaukar wuta kuma ta fi jure jan amfiya (ma'aunin wutar da inji yake ja) mai yawa. Ita ce a cikin yawancin baturan ProCORE na Bosch da High Output na Milwaukee. DeWalt kuma ya fito da PowerStack a 2021, wanda ƙwayoyinsa shimfiɗaɗɗu ne irin na wayar hannu. Abin da ya shafe ka a nan shi ne tambaya guda: dangin da kake dubawa yana da ƙaramin batir mara nauyi domin aikin sama da kai, kuma yana da babba mai jure zarto da giranda? In ya rasa ɗaya, wata rana za ka ji rashinsa.

Mataki na uku: zaɓi aji

Ga mafi yawan mutane amsar ita ce 18V, kuma ba na jin akwai doguwar muhawara a kai. Shi ne ajin da ya fi yawan injuna a kusan kowane kamfani, daga fitila da fanka har zuwa injin fasa kankare.

Ajin 12V na wanda aikinsa yake cikin matsi ne ko sama da kai: mai haɗa kabad, mai wayarin, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, bakanike. Ƙananan injunan wannan ajin na yanzu suna da ƙarfin da zai ba ka mamaki, kuma wuyan hannunka zai gode maka da yamma. Sai dai jerin injunansu gajere ne a yawancin kamfanoni. M12 na Milwaukee ne ya fi faɗi a cikinsu.

Daga 36V zuwa sama kuwa dalilinsa lissafi ne. Injin da ke buƙatar wat 1000 zai ja kusan amfiya 55 a kan 18V, amma kusan 28 kawai a kan 36V. Zafin da ke tashi a cikin waya da mahaɗa yana bin amfiya ne ninki a kan ninki, don haka rage amfiya da rabi yana rage wannan zafin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa manyan zartuna da manyan giranda suka fi jin daɗin babban volt. Kamfanoni sun bi hanyoyi daban-daban wajen kaiwa can, kuma bambancin yana da muhimmanci ga aljihunka. Makita ya daɗe yana yin injunan da ake sa wa baturan LXT (danginsa mai 18V) biyu a lokaci guda su ba da 36V, wanda ke nufin baturan da kake da su sun wadatar. Daga baya, a 2019, ya fito da XGT mai 40V, dangi ne sabo fil, batirinsa ba ya shiga injin LXT, na LXT ba ya shiga nasa. DeWalt ya fito da FlexVolt a 2016: batir ɗaya ne da ke sauya tsarin ƙwayoyinsa da kansa, ya ba da 54V a babban inji, ya koma 18V a ƙarami. Amma hanyar ɗaya ce, domin batirin 18V na yau da kullum ba zai tayar da injin 54V ba. HiKOKI, wanda a da ake kira Hitachi, yana da irin wannan dabarar a MultiVolt, batirin da ke aiki a 36V da 18V. Milwaukee kuma ya tsaya a kan M18, danginsa mai 18V, ya riƙa ƙara girman baturan, ya ware MX Fuel domin manyan injunan gini.

Idan injin da ka ja wa layi a takardarka yana cikin wannan babban ajin, tambayi kanka ko batirinsa zai yi aiki a ƙananan injunanka, ko kuwa dangi biyu za ka riƙe ƙarƙashin suna ɗaya.

Mataki na huɗu: san wanda ya haɗa baki da wane

Suna ɗaya ko mai kamfani ɗaya ba ya nufin batir ɗaya. Bosch yana da shuɗi na masu sana'a da kore na aikin gida, dukansu 18V, amma batirin wannan ba ya shiga wancan. DeWalt da Black+Decker da Craftsman duk mallakar Stanley Black & Decker ne, kowanne da bakinsa. Milwaukee da kayan aikin Ryobi da ake sayarwa a Turai da Amurka suna ƙarƙashin kamfanin TTI na Hong Kong, su ma ba sa musayar batir.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙawance. A 2018 Metabo ya kafa CAS, inda kamfanoni da yawa masu ƙera kayan sana'a ta musamman, irin su Mafell da Rothenberger da Eibenstock, suka amince su yi amfani da batirinsa. Koren Bosch ya kafa Power for All a 2020 tare da Gardena da wasu masu kayan lambu da na gida. Shuɗin Bosch ya bi da AMPShare a 2022, Fein yana cikin manyan abokansa. Ga mai sana'ar da ke buƙatar inji guda na musamman daga ƙaramin kamfani, wannan ƙawancen yana iya zama dalilin zaɓe gaba ɗaya.

Duba tarihin dangin kuma, domin yana nuna halin kamfanin da masu sayensa. Ryobi bai sauya bakin ONE+ ba tun 1996, har injin da aka yi a zamanin tsohon batirin nikel yana karɓar na litiyom na yau. LXT na Makita yana nan tun 2005, M18 tun 2008. DeWalt ya bar tsohon batirinsa mai doguwar wuya ya koma mai zamewa a 2011, sannan ya yi adafta domin masu tsofaffin injuna. Dangin da ya daɗe, kuma har yanzu ana fito masa da sababbin injuna, ya fi kwanciyar hankali a kan wanda ya fito bara da injuna takwas. Ka yi hattara da injunan da ba a san mai su ba, waɗanda ke zuwa da batir mai bakin da babu irinsa. Ran da batirin ya mutu, injin ya bi shi, ko da lafiyarsa lau.

Mataki na biyar: inda za ka sami batir na gaske bayan shekara uku

A ganina wannan matakin ya fi duk wata gasar ƙarfi da ake nunawa a bidiyo. Batirin litiyom yana tsufa. Bayan ɗaruruwan caji ƙarfinsa yana raguwa, kuma ko ba a aiki da shi shekaru suna cinsa. Injin kirki zai ga bayan batura biyu ko uku. Saboda haka dangin da ya fi maka shi ne wanda yake da dila na gaskiya a inda za ka iya kaiwa, mai batir, mai caja, mai kayan gyara kamar makunni da bakin riƙe ƙusar huda. Dangin da ya zo na uku a gwajin ƙarfi amma kana samun kayansa cikin sauƙi ya fi na ɗaya da sai an yi maka odarsa daga wata ƙasa. Tambayi garanti kuma, ka tambaya takamaimai a kan batir, domin sau da yawa wa'adinsa daban yake da na injin, wasu kamfanonin kuma sai ka yi rajista a intanet cikin ƙayyadadden lokaci kafin su tsawaita shi. Kayan da aka shigo da su daga wata kasuwa galibi garantinsu ba ya biyo su.

Jabun batura sun yi yawa, kuma sun fi yawa a dangogin da suka fi farin jini. Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi na kama su. Ta farko lissafi: ƙwayar 18650 mai jure aikin inji ba ta cika wuce 3.0Ah ba, don haka batir mai layi biyu na irin wannan ƙwayar iyakarsa 6.0Ah. In ka ga batir mai girman na 5.0Ah an rubuta masa 9.0Ah, ƙarya ce tsagwaronta. Ta biyu sikeli: ƙwaya ɗaya ta kirki tana da nauyin kimanin giram 45, goma sun haura 450 tun kafin a sa roba da allo, shi ya sa batirin 5.0Ah na gaske yakan wuce giram 600. Wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye shi. Matsalar jabu ba gajeren aiki kaɗai ba ce. Wasu ba su da cikakken tsaron zafi da na daidaita caji tsakanin ƙwayoyi, kuma gobarar litiyom ba abin wasa ba ce. Araha ba ta ado, a nan ma har tana iya cin rumbun kayan aikinka.

Kada ka manta da caja. Dubi bayanta ka ga amfiya nawa take fitarwa. Mai amfiya 2 za ta ɗauki kusan awa biyu da rabi kafin ta cika batirin 5.0Ah, mai amfiya 8 kuwa ƙasa da awa ɗaya. Cajar da ke zuwa cikin kwali mafi araha yawanci mai jinkirin ce. Masu saurin da ke da fanka a ciki, irin na Makita, suna hura wa batirin iska yayin caji, abin da ke da amfani sosai a wurin zafi. Sannan ka karanta ƙarfin wutar da cajar take karɓa. Batir ba ruwansa da ƙasa, amma cajar da aka yi domin wutar Amurka mai 120V za ta ƙone in ka cusa ta a soket mai 230V. Wasu cajojin suna karɓar aji biyu, 12V da 18V, wanda ke sauƙaƙa wa mai niyyar riƙe duka biyun.

Mataki na shida: riƙe shi a hannu, sannan ka tsara sayen farko

In ka rage zaɓinka zuwa dangi biyu, bar takarda ka je ka taɓa. Sa batirin da za ka fi aiki da shi, ka ɗaga injin sama da kanka na minti ɗaya kamar kana huda silin. Cire batirin ka mayar da hannu ɗaya, ka ji ko maɓallin sakinsa yana da taurin da zai dame ka da safar hannu. Girgiza injin ka ji ko batirin yana kaɗawa a mazauninsa. Duba ko yana da fitilun nuna sauran caji. Ajiye injin a tsaye kan batirinsa ka ga ko yana zama. A wannan matakin babu amsar da ta fi ta hannunka.

Wajen saye, kwalin farko ya zama mai haɗe da batura da caja, domin batir a cikin kwali ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayensa shi kaɗai. Amma karanta lambar baturan da ke ciki, kada a cika maka ido da injuna biyar a kan batura biyu masu 1.5Ah. Abin da na fi so ga mai farawa shi ne ƙarami ɗaya, 2.0Ah, domin huda da sukuru, da babba ɗaya ko biyu, 4.0 ko 5.0Ah, domin masu shan wuta. Ƙa'idar mai aiki kullum ita ce batir ɗaya a inji, ɗaya a caja. Ka dubi lambar samfurin injin kuma, domin a dangi ɗaya akwai na ƙasa da na tsakiya da na sama, launinsu ɗaya. Injin da ba shi da kabon a cikinsa, wanda ake rubuta wa Brushless a jiki, ya fi tattalin batir, ba ya zafi da wuri, kuma babu kabon da zai cinye a ce sai an sauya. A giranda da zarto ya cancanci ƙarin kuɗinsa. A injin hudar da za a ɗauko sau ɗaya a wata, mai kabon ma ya isa.

Batun adafta da riƙe dangi biyu

Akwai ƙananan adafta da ake sayarwa masu haɗa batirin wani kamfani da injin wani. Suna aiki, amma ka san abin da kake bari a baya. A wasu dangogin, abin da ke hana batir zubar da wutarsa har ƙasa yana cikin injin ne, a wasu kuma yana cikin batirin, kuma su biyun suna magana da juna ta ƙananan haƙoran da ke tsakanin manyan biyu. Adafta takan haɗa manyan biyun kawai. Sakamakon haka batir yana iya zubewa ƙasa da iyakarsa har caja ta ƙi karɓarsa, ko ya yi zafi ba wanda ya tsayar da shi. A fitila ko bindigar gam, kana lura kana cirewa da wuri, da sauƙi. A giranda ko zarto ban ba da shawara ba. Caji ta cikin adafta kuwa kada ka kuskura, sai dai wadda kamfanin da kansa ya yi domin hakan. Kada kuma ka bar adafta manne da batir a ajiye, wasu suna tsotsar wuta a hankali.

Riƙe dangi biyu ba laifi ba ne. Masu sana'a da yawa suna da babban dangi na aikin kullum, da na biyu mai sauƙin kuɗi domin abubuwan da ba a cika ɗaukowa ba, kamar famfon iskar taya ko injin hura ganye. Na uku ne yake fara zama damuwa, cajoji sun cika soket, kullum wanda kake nema shi ne ba caji.

Idan kuma kana da dangi tun da, kana tunanin sauyawa, lokacin da ya dace shi ne sa'ad da baturanka suka tsufa tare, domin a lokacin ko ka zauna ko ka tashi sai ka kashe kuɗin batir. Sauyawa don wani kamfani ya fito da injin da ya ɗara naka kaɗan asara ce, shekara mai zuwa naka kamfanin zai rama.

Ko wane dangi ka zaɓa, zafi ne babban abokin gaban batirinsa. Kada ka bar shi a rufaffiyar mota cikin rana, kada ka ɗora shi a caja yana huci daga aiki, bar shi ya huce tukuna. A wurin sanyi kuma ba a cajin litiyom in ma'auni ya sauka ƙasa da sifili. In za ka ajiye shi watanni, bar shi da kusan rabin caji, a cire daga inji, nesa da ƙusoshi da sukuru da za su iya haɗa haƙoransa. Mai tafiya da kayan aikinsa a jirgin sama ya san cewa batirin da ba ya jikin inji a jakar hannu ake ɗaukarsa, har zuwa 100Wh ba sai da izini ba, daga nan zuwa 160Wh sai kamfanin jirgin ya amince, don haka 18V mai 5.0Ah yana wucewa, mai 6.0Ah da ke da 108Wh kuwa sai an tambaya. Batirin da ya kumbura, ya tsage, ko ya faɗa ruwa ya fara wari, fitar da shi waje ka ajiye a kan siminti ko cikin yashi, ka rufe haƙoransa da salatif, ka kai shi inda ake karɓar matattun batura. Ba a jefa shi a shara, ba a kuma sa shi a wuta.